Aikido zan shiga, ko in nemi wani wasan kare kai?

Nasiru Mabera

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wasannin kare kai. Shekaruna 34, aikina zaman shago ne, jiki ya fara nauyi. Wani bawan Allah da ya dawo daga karatu a ƙasar waje ya fara koyar da aikido a nan Sakkwato, Talata da Asabar, awa ɗaya da rabi. Na je na kalla sau ɗaya, abin ya burge ni ƙwarai: ɗan siririn mutum ya kama hannun ƙato, kafin ka ce kwabo ƙaton yana ƙasa.

Abu uku ne suka tsaya mini. Na farko, babban dalilina shi ne ƙwacen waya, domin sai bayan isha'i nake rufe shago. Shin wannan wasan zai fisshe ni? Na biyu, gwiwata ta hagu tana ciwo in na daɗe a durƙushe, ga shi na ga suna yawan zama a kan gwiwa, ɗakin kuma siminti ne da aka shimfiɗa wa soso marar kauri. Na uku, na ga suna sunkuyawa gaban hoton wani tsoho kafin su fara, hankalina bai kwanta da hakan ba. Ku taimaka da bayani kafin in biya kuɗin wata.

Kabiru A.

Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Bari in fara da ƙaton da ka gani, don a nan mai kallo yake ruɗewa. Ba ƙarfin siririn kaɗai ya kai shi ƙasa ba, rabin aikin shi ya yi da kansa. An murɗe masa wuyan hannu, ya san in ya cije gaɓar za ta goce, sai ya bi murɗiyar ya faɗi yadda ba zai ji ciwo ba. Wannan iya faɗuwar ake kira ukemi, kuma a ganina ita ce riba mafi girma da sabon shiga yake samu a shekararsa ta farko.

Wanda ya kafa wasan shi ne Morihei Ueshiba, ɗan Japan, an haife shi a 1883 ya rasu a 1969. Daga wata tsohuwar kokawa mai suna Daito-ryu ya tsamo shi, wadda ya fara koya wurin Sokaku Takeda a 1915, sunan aikido kuma ya tabbata a 1942. Tushen motsin na masu takobi ne. Shi ya sa hare-haren da ake koya maka karewa suke kama da sara: shomenuchi sara ne daga sama zuwa goshi, yokomenuchi sara ne ta gefen kai, sai riƙon wuyan hannu iri-iri, irin na wanda yake son hana ka zare takobi. Ka riƙe wannan, domin mai ƙwacen waya ba haka yake zuwa ba.

Darasi yakan tafi haka: kamar minti 15 na ɗumama jiki da miƙe gaɓoɓi, wani minti 15 na faɗuwa, sai aikin ƙafa. Aikin ƙafar biyu ne ginshiƙi, irimi wato shiga gefen mai hari, da tenkan wato juyawa a kan ƙafar gaba har ka koma kafaɗa da kafaɗa da shi. Daga nan malami ya nuna dabara, a rabu bibbiyu, ka yi sau huɗu, dama, hagu, dama, hagu, sannan ku yi musaya kai ka zama mai faɗuwa.

Mirginawa gaba a durƙushe ake fara ta. Ƙafar dama a gaba, hannun dama a gaba, ka lanƙwasa shi kamar bakin ƙwarya, yatsu suna kallonka. Ka manna haɓa a ƙirji, ka tura da ƙafar baya. Nauyinka zai bi ta gefen ƙaramin yatsa, ya hau damtse, ya bi bayan kafaɗar dama, ya ratsa baya a karkace ya sauka a ƙugun hagu. Kai ba ya taɓa ƙasa ko kaɗan. Wurin da ake ɓata ta shi ne gwiwar hannu: in ta karye a tsakiyar mirginawa, tsinin kafaɗa ne zai daki ƙasa da dukan nauyinka, daga nan sai targaɗe ko karayar ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa. Kuskure na biyu shi ne yin ta miƙe kamar alkafurar yara, nauyi ya bi ta wuya. A faɗuwar baya kuwa, ka zauna kusa da diddigenka, haɓa a ƙirji, kada ka miƙa hannu baya ka tokare, don haka wuyan hannu yake karyewa. Sau 20 kowane gefe a kowane darasi ya isa. Ka ba ta mako shida zuwa takwas kafin ka fara yi daga tsaye. Faɗuwar tsalle irin ta ƙaton nan kuwa, kada ka yarda a sa ka kafin wata shida. A garin da kowa yake hawa kabu-kabu, mutumin da jikinsa ya saba naɗe haɓa da ƙin tokarewa da hannu ya samu abin da zai amfane shi har tsufa.

Dabarun kansu suna aiki ne in an cika sharaɗi ɗaya: sai ka raba mutum da tsayuwarsa tukuna. Ɗauki ikkyo. Hannu ɗaya a wuyan hannunsa, ɗaya a gwiwar hannunsa, ka tura gwiwar sama wajen fuskarsa tun hannun yana sama, ka taka ciki, ka sauke kamar mai sara, ka danne hannun a ƙasa ya ɗan haura saitin kafaɗa. In ka makara har gwiwar hannunsa ta sauko ta manne da haƙarƙari, an koma gwajin ƙarfi, wanda ya fi ƙarfi shi zai ci. Haka kotegaeshi: babban yatsanka a bayan hannunsa tsakanin gindin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, sauran yatsunka su naɗe gindin babban yatsansa, ka riƙe hannun a saitin cibiyarka ka juya waje da ƙasa. Da ka ɗaga hannun zuwa ƙirji, ya dawo kan ƙafafunsa, ɗaya hannun nasa kuma yana sake, fuskarka tana kusa.

Batun lokaci, a hedikwatar Aikikai, babbar ƙungiyar aikido, da ke Tokyo ana ƙirga kwanakin atisaye ne kafin kowace jarrabawa: 30, 40, 50, 50, 60, sannan 70 kafin baƙar ɗamara. Kwana 300 ke nan. Sau biyu a mako kwana 104 ne a shekara, wato kusan shekara uku ko da ba ka taɓa fashi ba, makarantu da yawa a wajen Japan kuma sun fi haka tsaurarawa. Baƙar ɗamarar ma shaida ce ta cewa ka iya tushe, ba ta cewa ka iya faɗa ba.

Kafin ka biya, ka tambayi malamin cikin ladabi wa ya koyar da shi, shekara nawa, kuma wane reshe ne: Aikikai, Yoshinkan, Shodokan, Iwama ko na Tohei. Mai baƙar ɗamarar Aikikai yana da takardar shaida daga Tokyo da ɗan littafin da ake rubuta matakinsa. Sannan ka sake zuwa kallo, ka lura ko shi ma yana yarda ɗalibi ya kayar da shi, ka duba ɗalibai nawa ne suka ɗaure wuyan hannu da bandeji. In ka ji yana cewa zai iya kayar da mutum ba tare da ya taɓa shi ba, ka riƙe kuɗinka.

Baba Altine

Nasiru ɗana, Malam Kabiru ya gaya maka gaskiya, amma ya yi maka ita da taushi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: in don ɓarayin waya kaka son shiga wanga wasa, ba shi ne maganinka ba.

Dalili guda ne, babu gardama cikinsa. Yaron da anka sa kokawa, tun ranar farko abokinsa ba ya yarda ya faɗi. Shina turjewa, shina ja, shina neman taɗe shi. Cikin wagga turjiya ce jiki ke koyon abu uku da ba a koyo da baki: tazarar da ke tsakaninka da mutum, lokacin da za ka shiga, da yadda za ka riƙe hankalinka sa'ad da numfashi ya ƙare kuma an shaƙe maka riga. Ɗan judo shina yin haka kowane darasi, minti huɗu ko biyar da mutum guda, a canza mashi wani. Ɗan dambe shina yin turmi uku da wanda ke neman kashe shi a fili. A aikido kuwa, mafi yawan makarantu babu gasa, Ueshiba da kansa bai yarda da ita ba. An san harin da za a kawo, an san hannun da za a kawo shi, mai harin ya miƙa hannu ya bar shi nan, ya kuma san shi ne zai faɗi. Mutum zai shekara biyar haka, bai taɓa gamuwa da wanda ya ce a'a ba.

Ka duba manyan almajiran Ueshiba na farko. Kenji Tomiki da Minoru Mochizuki ƙwararrun 'yan judo ne kafin su je wurinsa, Gozo Shioda ma ya yi judo shina yaro. Sun iya kokawa sannan sunka ɗora aikido bisa. Tomiki ya ga wagga matsala, shi ya sa ya ƙirƙiro gasa a reshensa, guda ya riƙe wuƙar roba shina kai suka, guda shina karewa. In malaminku na wanga reshe ne, Shodokan, to maganata ta ragu da rabi.

Ga gwaji da ba ya cin kuɗi. Ka sa tsohuwar farar riga. Ka ba abokinka guntun gawayi ya riƙe kamar wuƙa, ka ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya shafa maka shi cikin daƙiƙa 30. Ku yi sau goma, ka ƙirga baƙin da ke jikin riga da damtse. A yi wa mai baƙar ɗamara ma, kowace iri ce. Mai wuƙa na gaske shina cafke rigarka da hannu guda, shina suka gajere-gajere da ɗayan, shina janyewa da sauri, ga zufa ta sa wuyan hannu santsi. Kama wanga hannu a iska cikin duhu ba abin da za ka jingina ranka gare shi ba ne. Kuma ba su zuwa su kaɗai, biyu ne ko uku, sau da yawa bisa babur.

Mi ya kamata ka yi? Waya ta zauna aljihun gaba, kada ka taho kana latsa ta bakin titi. Ka bi gefen da kake fuskantar ababen hawa, don kada a biyo ka ta baya. Ku rufe shago lokaci guda da maƙwabta ku taho tare. In an riga an zare maka wuƙa, ka miƙa waya, ka ja baya, in ka ga hanya ƙafa mi na ci ban ba ki ba. Gudun ma sai an koya: mita 200 sau shida, hutun minti biyu tsakani, sau biyu a mako, bayan gwiwarka ta yarda.

In kana son jikinka ya san riƙo na gaske, ka tafi filin wasa na Giginya ka tambayi masu horarwa wa ke riƙe da judo ko damben zamani. Judo shina cikin Olamfik tun 1964, shina cikin gasar wasanni ta ƙasa tare da kokawa da dambenmu, aikido ba ya ciki. Kokawar gargajiya kuma ba baƙuwa ba ce gare mu, daga nan har ƙetaren Illela inda 'yan Nijar ke gasar kokawa ta cin takobi kowace shekara. Damben gargajiya dai ban ba ka shawara ba, shekara 34 ba lokacin fara karɓar naushi a kai ba ne. Ka yi shekara guda kana kokawa da mai turjiya, sannan ka shiga aikido, za ka gane abin da ke aiki cikinsa da hannunka.

Hadiza U.

Malam Nasiru, gwiwar nan ita ya kamata a fara dubawa, ko wane wasa ka zaɓa. Baba Altine, a yi mini afuwa, judo ya fi aikido cin gwiwa ga wanda ya fara da girma, musamman kayen da ake faɗo wa mutum a gefen ƙafa.

Ka tambayi kanka abu uku. Tana kumbura bayan ka yi tafiya? Tana sarƙewa ta ƙi miƙewa? Tana sakinka kamar za ka faɗi? In ɗaya daga ciki ya faru, ka ga likitan ƙashi kafin ka taka katifa, domin alamar guringuntsi ko jijiyar cikin gwiwa ce ta samu matsala. In kuwa ciwon a gaba ne kawai, sai ka daɗe a durƙushe, yawanci raunin tsokar cinya da ta ƙugu ne, zaman shago yana kawo shi. Ka yi mako shida kana wannan sau uku a mako: jingina da bango kamar mai zama a kujera, daƙiƙa 30 sau biyar, tashi da zama daga kujera ba tare da dafawa ba, 12 sau uku, kwanciya rigingine ka ɗaga ƙugu sama, 15 sau uku. In ciwo ya ƙaru washegari, ka rage zurfin lanƙwasawar.

Zaman da ka gani, seiza, yana naɗe gwiwa har ƙarshe ya ɗora mata nauyi. Tafiya a kan gwiwa da suke kira shikko ta fi shi, don ta haɗa naɗewa da murɗawa. Ka gaya wa malamin tun farko cewa za ka zauna a harɗe, dabarun durƙuso kuma za ka yi su a tsaye. Malamin kirki ba zai ƙi ba. Wajen tenkan, ka ɗaga diddige ka juya a kan gaban tafin ƙafa, gwiwa tana kallon inda yatsu suke kallo. In tafin ƙafa ya kafe jiki ya juya, gwiwa ce take biyan bashin.

Soson da ka ambata shi ya fi tayar mini da hankali. Katifar judo mita biyu ce da mita ɗaya, kaurinta santimita 4 ko 5, kuma mai tauri ce. Ka gwada nasu: ka durƙusa da gwiwa ɗaya ka sake nauyinka, in ka ji siminti, ba a faɗuwa a kansa. Katifar kwana ma ba ta yi, ƙafa tana nutsewa ta kafe, yatsu suna shiga tsakanin katifu su karye.

Murɗiyar wuyan hannu, musamman nikyo, a hankali ake sa ta, kamar ƙirga ɗaya, biyu, uku. Da ka ji ta kama, ka buga cinyarka ko katifa sau biyu, abokinka ya saki nan take. Jarumtar cijewa ita take barin mutum da ciwon wata uku. Wadda ta fi haɗari ita ce shihonage, inda ake naɗe hannunka zuwa bayan kafaɗa a kayar da kai ta baya. In aka ja hannun nesa da kafaɗa, gwiwar hannu ce take tafiya, in aka buga da ƙarfi ƙeya ce take dukan ƙasa. An samu rasa rayuka ta wannan hanyar a ƙungiyoyin ɗaliban jami'a a Japan, inda manya suke maimaita wa sababbi kayen bayan sun gaji. Duk wanda kansa ya bugu ya fara amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko ruɗewa, asibiti za a kai shi a lokacin. Targaɗe kuwa, ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20, duk bayan awa biyu ko uku, kwana biyun farko. Kada a murza da man zafi, kada a ja, in kuma ba ka iya taka ƙafar ko motsa gaɓar ba, a ɗauki hoto kafin kowa ya taɓa.

Sai zafinmu. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni yana haura 40, rigar wasan kuma auduga ce mai kauri. Bayan asuba ko bayan isha'i ne lokacin atisaye a watannin nan. Ka sha ledar ruwa ɗaya, rabin lita, awa biyu kafin ka fara. Ka hau sikeli kafin da bayan darasi, duk kilo ɗaya da ya ragu ka mayar da lita ɗaya da rabi a hankali. In zufa ta yi yawa, lita ɗaya ta ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Da azumi a mayar da darasi bayan tarawihi. Da hunturu kuma a kula da faso, a shafa mai da dare, a yanke farce, a riƙa goge katifa saboda makero.

Sanusi Gidan Igwai

Tambayarka ta uku tana kan hanya, ɗan'uwa. Hoton na Ueshiba ne. Shi mabiyin wani addini ne na Japan mai suna Omoto, almajirin jagoransa Onisaburo Deguchi, har ya gina wurin bauta a Iwama. Gaisuwar da ake yi a durƙushe, tafuka a ƙasa, goshi ya nufi ƙasa, siffarta siffar sujada ce. Tafa hannu da wasu makarantu suke haɗawa da ita kuwa daga ibadar Shinto, addinin gargajiyar Japan, ya fito. Yawancin masu yi a yau girmamawa kawai suke nufi, amma mu an hana mu siffar ma. A hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito, an tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa in sun haɗu, ya ce a'a.

Babu dabara ko ɗaya a aikido da ta dogara da sunkuyawar. Amfaninta a darasi shi ne ta nuna wa abokinka ka shirya, kuma ba da ƙiyayya za ku yi ba. Sallama da musafaha sun wadatar, ko ɗora hannu a ƙirji kana miƙe. Ka same shi kai kaɗai, ba a gaban ɗalibai ba, ka faɗa masa. A Sakkwato yake koyarwa, zai yi wuya a ce kai ne na farko da abin ya dama, wataƙila shi ma ya ɗauko ne yadda ya gani ba tare da ya yi tunani a kai ba. Ku roƙe shi ya sauke hoton. Ka kuma tambaya ko maza da mata tare suke yi, don wasan duk riƙon hannu ne da haɗa jiki, sannan lokacin darasi kada ya ci sallar magariba.

Kabiru A.

Baba Altine, na karɓi gyara, gwajin gawayin nan babu mai tsallake shi da farar riga. Abin da zan ƙara shi ne akwai wurin da aikido ya fi naushi amfani: inda kake son riƙe mutum ba tare da ka ji masa ciwo ba, kamar mai gadi da wanda ya sha ya bugu, ko raba 'yan'uwa da suka kaure. Reshen Yoshinkan da Shioda ya kafa a 1955 yana da kwas na wata 11 da aka fara shi domin horar da 'yan sandan kwantar da tarzoma na Tokyo, sai dai 'yan sandan Japan dama suna yin judo ko wasan takobi, wanda ya dawo da mu kan maganarka.

Ana iya shigo da turjiyar cikin darasi. Bayan wata uku, a ware minti 15 na ƙarshe. Mai hari ya fara da janye hannu bayan ya kai naushi. Mako biyu a haka, sai a ba shi damar turjewa da rabin ƙarfinsa, sannan a bar shi ya zaɓi harin da ya ga dama. Murɗiyar gaɓa dai ba a fizgar ta ko a nan. Malam Nasiru, ka tambayi malamin ko zai yarda da wannan, amsarsa za ta nuna maka irin makarantar.

Nasiru Mabera

Allah ya saka da alheri, na gamsu. Gwiwar ba ta kumbura, ba ta sarƙewa, don haka zan fara atisayen da Malama Hadiza ta faɗa, in kuma samu malamin kan maganar hoto. Saura katifa. Mu takwas ne ɗalibai, kuɗin ta judo ya fi ƙarfinmu yanzu. Akwai abin da za mu iya haɗawa da kanmu?

Baba Altine

Akwai, ɗana. Mutum takwas, wato biyu-biyu sau huɗu, kuna son fili mita shida da mita shida. Da katifar judo ce, guda 18 ke nan. Ku kewaye wurin da katako mai tsayin santimita 20, ku zuba ƙaiƙayin shinkafa ko garin katako, ku tattake shi sosai har ya zauna a kaurin santimita 15. Ƙaiƙayi ya fi, ba ya dunƙulewa da wuri, kuma wurin masu injin casa ba ya tsada. A tankaɗe shi tukuna saboda tsakuwa da ƙusa. Ku shimfiɗa buhuna bisa, sannan tamfol na yadi guda ɗaya marar haɗi a tsakiya, a ja shi ya yi tsam, a ɗaure da igiya ta bayan katakon. In ya yi sako-sako shina naɗewa ya kama yatsan ƙafa. Tamfol na roba shina zafi, shina santsi da zufa, shina kuma ƙona gwiwa, ku guje shi. Gefen katakon a naɗe shi da soson nan da kuke da shi, kada kan wani ya same shi.

Inda anka fi faɗuwa zai yi rami cikin mako biyu. Ku kwance gefe guda ku baje da manjagara ku sake tattakewa, ku ƙara buhu ɗaya ko biyu in ya zauna. Da damina ku ɗaga tamfol ya sha iska saboda danshi, ku riƙa duba katakon don gara. Bisa wanga fili mirginawa da faɗuwar baya sun yi, faɗuwar tsalle kuwa ku jira sai kun sayi katifa.